Shin hadari da canjin yanayi na iya sa huhu ya sace?

Tambaya: "Assalamu alaikum likita. Yarona ɗan shekara 19 ne, dogo siriri, bai taɓa kwanciya asibiti ba. Daren da aka yi hadarin farko na bana yana zaune a falo sai ya dafe ƙirjinsa ta dama, ya ce kamar an soka masa wuƙa, numfashi ya yi masa wuya. A asibiti aka yi hoto, aka ce iska ta taru a ƙirjinsa ta danne huhu, aka sa masa roba kwana huɗu. Bai faɗi ba, ba a buge shi ba. Kakarsa ta ce iskar hadarin ce ta shige shi, wani kuma ya ce ko a Turai an gano canjin yanayi na kawo wannan ciwo. Gaskiya ne? In riƙa hana shi fita idan hadari ya haɗo? Kuma muna da niyyar zuwa Umara da shi." Daga wata uwa a Kano.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ƙara masa sauƙi, Ya kiyaye gaba. Abin da kike son sani shi ne ko hadarin ne ya jawo wa yaron nan ciwon, ko kuwa dai haɗuwa suka yi a dare ɗaya. Wanda ya ce miki an yi bincike a kai bai yi ƙarya ba, sama da shekara arba'in likitoci na bin diddigin maganar. Amma ko a inda aka sami alaƙar, siririya ce. Asalin matsalar tana cikin huhun tun kafin hadari ya haɗo, iyakar abin da yanayi zai iya yi shi ne ya zaɓi ranar da za ta fito fili. A ƙasarmu ma wannan ɗan tasirin ya fi ƙanƙanta, zan faɗi dalili.

Yadda huhu ke sacewa

Kowane huhu yana lulluɓe da tantani ruɓi biyu. Ɗaya yana manne da huhun, ɗayan yana shimfiɗe a bangon ƙirji ta ciki. Tsakaninsu babu iska ko kaɗan, sai ɗan danshi da ke sa su zame a kan juna idan ana numfashi. Shi huhu a kullum so yake ya tsuke, ƙirji kuma so yake ya buɗe, wannan ja-in-jar ce ke sa matsin da ke tsakanin tantanin biyu ya gaza na iskar waje da kimanin abin da zai ɗaga ruwa santimita 5. Da wannan ɗan bambanci huhu ke zama a buɗe. Da zarar an sami ɓuli, iska sai ta kwarara cikin wurin, riƙon ya saki, huhu ya koma ya takure wajen tushensa. Shi ne abin da likitoci ke kira niyumotoras.

A nan ne za ki yi wa Kaka bayani cikin ladabi: iskar da aka gani a hoto ba daga waje ta ratsa fata ta shiga ba. Iskar da yaron ya shaƙa ce da hancinsa, ta yoyo daga cikin huhunsa. Da yana cikin ɗaki a rufe, lulluɓe da bargo, da haka ɗin zai faru.

Inda ake samun ɓulin kusan kullum can ƙololuwar huhu ne, ƙarƙashin ƙashin wuya. A wurin akan sami 'yan bororo masu siririyar fata cike da iska, wasu ba su kai ƙwayar wake ba, wasu sun fi santimita ɗaya ko biyu. Ba sa ciwo, ba sa tari, sau da yawa hoton ƙirji na yau da kullum ba ya nuna su, sai hoton siti sikan, wanda ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla. Idan mutum yana tsaye, nauyin huhun kansa yana sa jan da ke sama ya fi na ƙasa ƙarfi, kuma gwargwadon tsawon ƙirji gwargwadon wannan bambanci. Shi ya sa ciwon ya fi kama samari dogaye sirara, musamman waɗanda suka yi tsawo farat ɗaya a shekarun balaga. Ƙididdigar da aka yi a Amurka da Turai ta nuna a cikin maza 100,000 akan sami tsakanin 7 zuwa 18 a shekara, a mata kuwa 1 zuwa 6. Kuma galibi yana zuwa ne mutum yana zaune ko yana kwance, ba wajen ɗaukar kaya ko ƙwallo ba, kamar dai yadda ya faru da ɗanki.

Babban abin da ke ruɓanya haɗarin shi ne hayaƙi. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 1987 ya nuna shan sigari na ninka haɗarin kusan sau 22 ga maza, sau 9 ga mata. Wiwi ma haka, don masu shanta suna zuƙa da ƙarfi su riƙe hayaƙin a ƙirji. Ki riƙe wannan adadi a ranki, za ki gwada shi da na yanayi.

Abin da aka gano game da yanayi

Tunanin da ya sa aka fara zargin yanayi mai sauƙi ne. Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi, tana danna komai da kimanin miliba 1,013 a bakin teku (miliba shi ne ma'aunin matsin iska). Tun 1662 masanin kimiyya Robert Boyle ya nuna cewa iskar da aka kulle a wuri tana kumbura idan matsin waje ya ragu. Duk wanda ya taɓa sayen biskit a Kano ya nufi Jos da shi ya ga ledar ta yi tam kafin ya isa, ba tare da an ƙara mata komai ba. To idan bororon da ke saman huhu ba ya iya fitar da iskarsa da wuri, saboda hanyarsa ta ƙuntata ko majina ta toshe ta, matsin waje kuma ya faɗi gabanin guguwa, ashe zai kumbura, wataƙila ya fashe.

A 1984 wani likita a Suwidin mai suna Bense ya ba da rahoton cewa masu wannan ciwo sun fi zuwa asibiti bayan matsin iska ya faɗi da miliba 10 ko fiye cikin awa 24. A 1999 aka sake dubawa a Amstadam ta Holan, sai aka ga wani abu da ma'aikatan asibiti suka daɗe suna faɗa: marasa lafiyar ba sa zuwa ɗai-ɗai, a tare suke zuwa, biyu ko uku cikin 'yan kwanaki, sannan a yi shiru. Kusan kashi 73 cikin 100 a irin wannan jerin suka zo. Amma masu binciken ba su ga alaƙa da matsin iska ba, abin da suka gani shi ne ɗan ƙarin zafi da kuma tsawa. A 2007 wani bincike a Bolonya ta Italiya ya sake ganin zuwan a tare, kashi 84 cikin 100, ya kuma danganta shi da faɗuwar matsin iska da guguwa. A tsakani an yi wasu a Sifen da wasu ƙasashe da ba su ga komai ba. Daga baya hankali ya karkata ga gurɓatar iska, aka sami rahotanni daga Italiya da Koriya ta Kudu da ke danganta ciwon da ranakun da hayaƙi da ƙura suka yi yawa a gari, wani kuma daga Faransa bai ga wata alaƙa mai ƙarfi ba.

Ga inda lissafin ke ba da wahala. Miliba 10 cikin 1,013 kashi 1 cikin 100 ne kacal. Wato bororon zai ƙaru ne da kashi 1 cikin 100 na girmansa, a hankali, cikin yini guda. A kusa da ƙasa, hawan mita 8 yana rage matsin iska da kusan miliba 1, ke nan wanda ya shiga lif ya hau bene mai tsawon mita 80 ya sha irin wannan canjin cikin minti ɗaya. Tari ɗaya mai ƙarfi kuwa yana ɗaga matsin cikin ƙirji ninkin-ba-ninkin fiye da haka. Don haka ni a ganina, idan har yanayi na da hannu, ba ta hanyar kumbura lafiyayyen bororo ba ne. Sai dai wanda fatarsa ta riga ta siraice, ya kusa fashewa yau ko gobe, sai abu kaɗan ya ƙarasa shi. Wasu masana ma suna ganin ba matsin ne ba, abin da ke rakiyar canjin yanayi ne: mura da ke yawo, ƙurar furanni da guguwa ke tayarwa, sanyi da ke tsuke ƙananan hanyoyin iska. Duk waɗannan suna kumbura hanyoyin, iska ta shiga bororo ta kasa fita.

Akwai kuma matsala a yadda ake binciken kansa. Yawanci tsofaffin fayiloli ake ɗaukowa a gwada da bayanan tashar yanayi, alhali ranar da aka rubuta a fayil ranar zuwa asibiti ce, ba ranar da huhun ya sace ba. Samari da yawa sukan yi kwana biyu ko uku suna shan farasitamol kafin su zo. Tashar yanayin tana iya kasancewa a filin jirgi, nesa da inda mutum yake. Sannan idan mai bincike ya gwada abu goma, zafi da danshi da ruwa da iska da hasken rana da sauransu, a ranar da jiya da shekaranjiya, dole wani abu ya dace ko da babu dalili. Shi ya sa wannan ya ce zafi, wancan ya ce matsi, wani ya ce danshi. Ko zuwan a tare da ake magana, abin da ba ya faruwa da yawa yakan zo a cunkushe haka kawai, ba sai da musabbabi ba. Alaƙar sigari kuwa duk inda aka duba ana ganinta.

A ƙasar Hausa fa?

Kusan duk binciken da ya ga alaƙa da matsin iska a ƙasashe masu sanyi aka yi shi, inda manyan guguwoyi ke ratsawa daga teku, matsi ya faɗi da miliba 20 ko 30 cikin kwana ɗaya ko biyu. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya ba haka abin yake ba. Matsin iskarmu a natse yake, yana hawa da sauka da 'yan miliba 3 zuwa 4 sau biyu kowace rana, yana kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, yana sauka wajen ƙarfe 4 na asuba da 4 na yamma. Hadarinmu na farkon damina, duk ƙarfin iskarsa da kwashe rufin kwano da yake yi, 'yan miliba kaɗan yake motsa matsin, na ɗan lokaci. Tafiya daga Kano, mai tsayin kusan mita 480 daga teku, zuwa Jos, mai kusan mita 1,200, tana rage matsin da kimanin miliba 80, kuma kullum motoci cike suke hawa. Saboda haka hana yaron fita ranar hadari ba zai kare shi daga komai ba, matsin da ke waje shi ne a cikin ɗaki.

Idan akwai lokacin da ya cancanci kulawa a wajenmu, hunturu ne. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, hazo daga kwarin Bodele na Chadi yana rufe gari, iska ta bushe ƙayau, tari da mura su yawaita, masu asma su tashi. Ga jin ɗumi da gawayi ko itace a ɗaki rufe, ga ƙona bola da hayaƙin janareto. Duk wannan yana hargitsa hanyoyin numfashi, ya kawo tari mai tsanani, kuma mai bororo a huhu ba ya son ko ɗaya. Takunkumin hanci ranar da hazo ya yi kauri, da barin taga a buɗe idan an hura wuta, da maganin tari da wuri, sun fi amfani nesa ba kusa ba a kan duban sararin sama.

Abu na biyu da ya bambanta mu da Turai shi ne tarin fuka, wato tibi. A can idan saurayi ya zo da sacewar huhu, akan ɗauka huhunsa lafiya lau yake in ban da bororon. A nan ba ma yanke wannan hukunci sai mun tabbatar, domin tibi ma saman huhu take zama, tana cin rami har ta ɓula tantani. Ki tambaya ko an yi masa gwajin majina na GeneXpert, wanda kyauta ake yi a cibiyoyin tibi na gwamnati, musamman idan yana da tarin da ya wuce mako biyu, ko gumin dare, ko rama, ko akwai mai tari a gidan. Akan kuma yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, don akwai wani ciwon huhu da ke bin ta yana kawo haka, wannan ba zargi ba ne, tsarin aiki ne. Sannan idan tsawonsa ya wuce misali, yatsu zara-zara, faɗin hannayensa idan ya buɗe ya fi tsayinsa, ƙirji ya lotsa ko ya turo, ko yana da matsalar gani, a duba shi saboda wani ciwon gado da ake kira Marfan, a yi hoton zuciya. Wannan ya fi maganar huhun muhimmanci, domin yana shafar babbar jijiyar jini.

Idan ya sake faruwa

Dole a faɗi wannan: kimanin mutum ɗaya cikin uku abin yana dawo musu, galibi cikin shekarar farko, wani lokaci a ɗaya gefen. Alamar ita ce wadda kika gani, sukar ƙirji a gefe ɗaya farat ɗaya, tana ƙaruwa idan an ja numfashi, wani lokaci har kafaɗa, da busasshen tari da haki. Ciwon yakan lafa bayan kwana ɗaya ko da huhun bai tashi ba, to kada lafawar ta ruɗe ku. A tafi asibitin da ke da hoton ƙirji a ranar. Kada a gasa wurin, kada a yi tsaga ko ƙaho, kada a yi turare.

Akwai nau'in da ba ya jira. Idan ɓulin yana barin iska ta shiga amma ba ta fita, sai ta taru ta ture zuciya gefe, jini ya kasa komawa cikinta. Za a ga haki yana ƙaruwa minti bayan minti, gumi, bugun zuciya da sauri, jijiyoyin wuya sun tashi, leɓe ya canza launi, mutum yana neman suma. A nan likita ba ya jiran hoto, allura mai kauri yake sokawa a ƙirji ya saki iskar nan take. A kai shi a zaune, kada a kwantar da shi a bayan mota.

Ba kowane sacewar huhu ke buƙatar roba ba. Jiki da kansa yana tsotse iskar, kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na faɗin gefen ƙirjin kowace rana, don haka huhun da ya sace rabi yakan ɗauki makonni kafin ya cika. Wani babban gwaji da aka yi a Ostareliya da Niyu Zilan, aka wallafa a 2020, ya nuna cewa a cikin matasa da ba su da wani ciwon huhu kuma ba sa haki sosai, sa ido kawai ya warkar da mafi yawansu cikin mako takwas, da ƙarancin matsala. Sai dai wannan na bukatar mutum yana kusa da asibiti, yana iya dawowa a maimaita hoto. Ga wanda ke ƙauye mai nisa ko mai tibi, ba ma ɗaukar wannan kasadar. Mataki na tsakiya shi ne zuƙe iskar da allura da sirinji, idan aka zuƙi lita 2.5 ba ta ƙare ba, to yoyon bai tsaya ba, sai a sa roba.

Ita robar ana sa ta ne ta gefen ƙirji, ƙasa da hammata, tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar ko na biyar da na shida, a bi ta saman ƙashin don jijiyoyi suna bin ƙasansa. Ɗaya bakin yana shiga kwalba, a nutse cikin ruwa kimanin santimita 2, iska ta fita ta yi kumfa, ba ta iya komawa. Abin da ya fi ɓata mana aiki a nan daga masu jinya yake zuwa, ba da gangan ba. Za a raka mara lafiya banɗaki, sai ɗan'uwa ya ɗaga kwalbar sama da ƙirji don kada ta taɓa ƙasa, ruwan ya gangara ciki. Ko a ture ta da ƙafa ta kife, bakin robar ya fita daga ruwa, iska ta koma. Ko mara lafiya ya kwanta a kan robar ta lanƙwashe. Kwalba kullum ƙasa da ƙirji take zama, a tsaye, kuma ba a ɗaure robar da ke kumfa. Idan kumfar ta wuce kwana uku zuwa biyar, ko abin ya faru karo na biyu, ko ya kama gefe biyu, sai a tura wa likitan tiyatar ƙirji. Ana yanke bororon, a goge ko a cire tantanin, ko a zuba hodar talk ta musamman, domin huhu ya manne da bangon ƙirji. Bayan wannan aiki dawowar ciwon takan sauka zuwa kashi 5 cikin 100 ko ƙasa da haka.

Maganar Umara

A nan ne matsin iska ke da tasirin da babu gardama a kai. A cikin jirgin sama ana riƙe matsin daidai da na tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, iskar da ke kulle a jiki tana kumbura da rubu'i zuwa sulusi. Ki gwada wannan da kashi 1 cikin 100 na guguwa. Idan akwai ragowar iska a ƙirji, ko kaɗan ce, za ta iya girma a sama inda babu hoto babu roba. Ƙa'idar da likitocin ƙirji na Birtaniya suka shimfiɗa, wadda mu ma muke bi, ita ce a yi hoto a tabbatar huhu ya cika tam, sannan a ƙara aƙalla kwana bakwai kafin a hau jirgi. Cire roba ba shi ne shaidar warkewa ba, hoton shi ne. Idan tafiyar ba ta matsa ba, jinkirta ta 'yan watanni ya fi kwanciyar hankali, tunda a shekarar farko bayan ciwon ne ya fi dawowa. Idan kuma ya ji suka a ƙirji a can Saudiyya, a yi hoto kafin a hau jirgin dawowa, ko da tikiti zai ƙone. Nutso cikin ruwa mai zurfi da tukunyar iska a baya kuwa an hana shi har abada, sai in an yi tiyata a gefe biyu an kuma tantance shi. Iyo na yau da kullum da ƙwallo zai iya komawa bayan likitansa ya ga hoton ƙarshe.

Ban ga hotonsa ba, ban saurari ƙirjinsa ba, don haka ko yana bukatar siti sikan ko tiyata tun yanzu, likitan da ya duba shi ne zai yanke. Amma akwai tambayar da ya kamata a yi masa, kuma da wuya ya faɗa miki gaskiyarta a gabanki, Hajiya. Ki bar shi shi kaɗai da likita, ko da wani yayansa ko kawunsa da yake sakin jiki da shi, a tambaye shi ko yana shan sigari, shisha ko wiwi, ko yana zama inda ake sha. Idan amsar e ce, a taimaka masa ya bari gaba ɗaya, ba ragewa ba, kuma a fara tun kafin ranar komawa asibiti don hoto na biyu.